Gola Mai Ruwan Zinari

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramin hukunci ba ne. Ana yaye ni aka kai ni Moriki wurin kakata, mahaifiyar Baba, a can na yi wayo. Ita kam babu ruwanta da wata kunya a kaina. Mijinta take kirana, ta zage ni da safe, ta ɓoye mini ƙanzo da rana, in na yi rashin ji ta ce za ta kai ni gaban alƙali a raba auren kowa ya huta. A wurinta na saba jin ana ƙwala mini kira da sunana har maƙwabta su ji.

Da na gama firamare aka ce in koma Kaura Namoda in shiga sakandare. Na tarar da gidan da aka ce namu ne, da mutanen da aka ce su suka haife ni, amma babu wanda yake iya kama sunana a cikinsu. Inna takan ce "kai", ko ta dubi bango ta yi magana alhali da ni take. Baba ko "kai" ɗin ma tsada take yi masa. In yana son a ɗebo ruwa sai ya ce wa ƙanena, "Hwaɗa ma wancan shi ɗebo ruwa," ni kuwa ina tsaye dab da shi har ina jin warin fetur a rigarsa. Na san al'ada ce. An sha gaya mini cewa kunyar ɗan fari ce, haka kakanni suka yi, babu ƙiyayya a ciki. Kaina ya yarda da wannan bayani. Idona ne ya ƙi, domin abin da yake gani kullum shi ne ƙanena bisa cinyar Baba yana wasa da makullin mota. Abu ɗaya nake son in sani: mutumin nan yana sona a gidansa, ko dai haƙuri yake yi da ni kamar baƙon da ya ƙi tafiya?

Baba direba ne. Yana jan ƙaramar motar haya daga Kaura zuwa Shinkafi, wata rana kuma Zurmi in lodin can ya fi. Yakan fita bayan asuba ya dawo kafin magariba, don tun a lokacin babu mai son rana ta faɗi yana kan hanyar nan. Ba mai yawan magana ba ne ko da sauran mutane. Duk abin da zai ba ni kuwa sai ya bi ta hannun ƙanena. In ya sayo mini takalmin makaranta, zai miƙa wa yaron ya ce "ungo", ya shige ɗaki. Yaron zai zura ƙafa ya ga tana iyo a ciki, sai ya kawo mini. Haka wando, haka littattafai. Ba a taɓa samun kuskure ba, saboda kayan da kansu suna nuna mai su.

A shekarar ne katin 'yan ƙwallo ya mamaye gari. A cikin cingam yake zuwa. Kowane ƙunshi akwai ɗan kati a ciki mai hoton ɗan wasa, a ƙasan hoton an rubuta lambobin gudunsa da bugunsa da tsaronsa. Wasa iri biyu muke yi da shi. Akwai na lamba, inda kowa zai jawo kati ɗaya, a kira gudu ko bugu, mai babbar lamba ya kwashe. Wannan yana son lissafi da sanin abin da ke hannun abokin wasa. Akwai kuma na mari, inda ake tara katunan a ƙasa a kife, mutum ya mari ƙasa da tafin hannu kusa da su, duk wanda iska ta birkice ya zama nasa. A wannan babu ruwan kowa da darajar kati, mai faɗin hannu ne sarki. Malamin Islamiyyarmu ya ce duka biyun caca ce, ya ƙwace na wasu ya zuba a aljihu. Ba mu taɓa ganin ya ƙona su ba, mun dai ga ɗansa ya wayi gari da katuna masu kyau.

Ni wannan kati ya yi mini rana. Na zo Kaura ana kirana ɗan ƙauye, ana dariyar yadda nake ɗaure wando. Da aka fara wasan lamba sai ga shi ɗan ƙauye ya haddace lambar kowane ɗan wasa, yana cinye 'yan birni a ƙofar gidajensu. Cikin ɗan lokaci na cika gwangwanin madara da kati, yaran unguwa suka koma zuwa wurina in raba musu gardama. Shi ne abu na farko da na mallaka a garin nan wanda ba ta hannun ƙanena ya biyo ba.

Muna cikin haka sabon zubi ya fito. Katunan suna da shuɗin baki, an ƙaro sababbin 'yan wasa, kuma a cikinsu akwai masu ƙyalli waɗanda ba kasafai ake samu ba. Tsofaffin katunanmu suka zama tarkace a wuni ɗaya. A jikin kwalin da cingam ɗin yake zuwa an buga hoton wanda ya fi kowa: wani gola cikin ruwan zinari, ya yi tsalle ya miƙa hannu, lambar tsaronsa ta fi ta kowa a duk zubin. Ranar da sabon kwali ya iso shagon bakin kasuwa, mukan yi cincirindo mu hana manya sayen sabulu. Kowa da dabararsa. Wani ya lallatsa ƙunshin da yatsa wai mai ƙyalli ya fi kauri, wani ya ɗaga shi saitin rana, wani ya zaɓi na can ƙasan kwali. Akwai wanda sai ya yi bisimilla ya juya baya kafin ya buɗe, kada idon mutane ya canza masa kati. Mai shagon ya gaji da mu har ya ajiye 'yar bulala kusa da kwalin. Ni kuɗin tarana kaf a nan suke ƙarewa, in wuni da yunwa ina tauna cingam har muƙamuƙina ya yi tsami.

Masu ƙyalli na azurfa sun fito jefi-jefi, na samu wasu, na ci wasu a wasa, na yi musayar wasu. Golan zinari kuwa ko mai kama da shi ba a gani ba. Aka fara labarai. Wani ya rantse an ga wani yaro da shi a Zurmi. Wani ya ce kayan Kaura daga Kano suke zuwa, kuma Kanawa ne suke tsince masu kyau kafin su turo mana ragowa. Mu dama ba ma rasa laifin da za mu ɗora wa Kanawa, nan da nan muka yarda. Aka ce kayan Shinkafi ta wajen Sakkwato da Nijar suke shigowa, ba a taɓa su ba, don haka in dai golan nan yana duniya, to yana Shinkafi.

Ubana yana zuwa Shinkafi kusan kullum, amma ban da bakin da zan ce masa ya sayo mini cingam. Abin da na iya kawai shi ne, da yamma in ya dawo ya zauna ƙofar ɗakinsa yana cin abinci da rediyo a gefe, ni da ƙanena mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida mu baje katuna. Sai in hau ba yaron labarin gola: launin rigarsa, yadda ya miƙa hannu, yadda aka ce yana Shinkafi. Ina ɗaga murya da gangan. Ƙanena bai kai ya gane rabin abin da nake faɗa ba, kuma ni ma ba don shi nake yi ba. Baba bai taɓa ɗago kai ba. Sau ɗaya na ji ya ce wa Inna, "Cacar yaran ga ba ta ƙarewa?" Daga nan ya ci gaba da cin tuwonsa.

Wata yamma ana dab da hutun makaranta, ya shigo muna kan tabarma. Maimakon ya wuce kamar yadda ya saba, sai ya tsaya. Ya cire hularsa, ya zaro wani abu daga cikin naɗinta, ya dubi can saman katanga, ya miƙa wa ƙanena.

"Ungo," ya ce, ya shige ɗaki.

Tun kafin yaron ya juya katin na ga ƙyallin. Golan ne, ruwan zinari, ko lanƙwasa babu. Ƙanena ya yi tsalle ya fita waje da gudu yana shelar Baba ya kawo masa gola. Ni na zauna da katunan azurfa a hannu. Na jira ya dawo ya miƙo mini, kamar takalmi, kamar wando. Bai miƙo ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ya miƙo ba. Takalmi yana da lambar ƙafa, kati ba shi da ita. A gabana aka ba shi, da hannu, ba a ce ya kai wa kowa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na tabbatar Baba yana jina duk yammacin nan. Ya ji sarai, ya san wane kati ne, ya nemo shi, sannan ya ba wanda yake so. Da bai ji ba ma da ya fi mini sauƙi. Na yi kuka a bayan ɗaki inda ake ɗaure akuya, ba na jin kunyar faɗa.

Washegari ƙanena ya ɗauki golan ya kai wasan mari, wurin da lamba ba ta da amfani. Ɗan mai kemis, wani ƙato mai hannu kamar faranti, ya mari ƙasa sau ɗaya ya tafi da shi. Yaron ya dawo yana hawaye da majina, yana roƙona kada in gaya wa Baba. Na yi masa ranƙwashi mai kyau, amma ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa, kuma da wane baki? Na nemi ɗan mai kemis ya yi musaya da duk azurfata, ya ce ko da gwangwanin zan haɗa masa ba ya so. Bayan 'yan kwanaki aka ce ya kai wa wani ɗan uwansu a Gusau.

Daga nan na daina zuwa shagon bakin kasuwa. Na yanke shawara a raina cewa in na tafi hutu Moriki ba zan dawo ba. Akwai sakandare a can. Zan faɗi gaban Kaka in ce ta riƙe ni, na kuma san in ta kafe babu mai iya ja da ita, har Baba. Na tsara maganar da zan yi mata tsaf, na haɗa kayana duka har da waɗanda ba a buƙata a hutu.

Ranar tafiya a motar Baba aka sa ni, tunda Moriki a kan hanyarsa take. Na zauna a baya, daidai bayan kujerarsa, an matse ni da wani mai buhun gishiri. A gaba akwai wata tsohuwa mai fataucin daddawa, irin fasinjan da suka saba da direba har sun zama kamar 'yan gida. Motar duk ta ɗauki ƙamshin kayanta. Damina ce, gero ya yi tsawo hagu da dama, kowa yana kallon gonaki yana kuma kallon abin da zai iya fitowa daga cikinsu.

Mun fita gari kaɗan sai tsohuwar ta miƙa wa Baba tafin hannu.

"Direba, yau ina cingam ɗinmu?"

"Ya ƙare, Hajiya," in ji Baba.

Ta yi dariya ta waiwayo wajen mai gishiri, wanda da alama baƙo ne a motar. "Kai ba ka san bawan Allah ga ba. Tun hwarkon damana yam maishe mu 'yan cingam. In mun kai Shinkahi sai shi sayo shi cike aljihu, shi raba muna, shi ce ku ci cingam ku ba ni katin. Ni da sauran haƙora nawa gare ni? Ga ni tsohuwa ina tamna awa akuya. Har garin Katuru ya tsaya biɗa, har 'yan mashin da ka zuwa Galadi ya ba saƙo. Wata rana munka makara saboda shagon da shika so ba a buɗe ba, munka dawo rana ta yi ja, kowa na salati cikin mota."

"Hajiya, bar zancen ga," in ji Baba. Bai waiwayo ba.

Ba ta bari ba. Irin tsofaffin nan ne da in sun ɗauko zance sai sun sauke shi inda suka yi niyya. "Wai wani gola shika biɗa, mai ruwan zinari. Shi da bai san ƙwallo ba, ko gidan kallo bai taɓa shiga ba. Nic ce mai, direba, wa ka wahal da kai haka? Yac ce, wani yaro na. Nic ce, wane yaro? Yac ce, wani yaro dai, nan gidanmu, da anka maido daga Moriki. Nan nig gane. Namiji ba ya ce ma ɗa nai wani yaro sai ɗan hwari." Ta buga ƙirji. "Kuma ni nib buɗe shi da hannuna. Ina ganin ƙyalli nic ce, direba, ko wanga na? Yat taka burki tsakiyar hanya, yak karɓa, yad duba, yas sa cikin hula. Ranar ko kuɗin kaya bai amsa ba gare ni."

Mai gishiri ya yi dariya ya ce Allah ya shirya mana yara. Ina kallon ƙeyar Baba, wurin da gumi ya jiƙa bakin hularsa. Duk abin da na gina a raina cikin makonnin nan ya rushe, ban ma san me zan sa a wurinsa ba. Murna nake ji, da kunya, da haushin ƙanena sabo fil, da kuma haushin Baban kansa, mutumin da zai iya tsayar da mota a hanyar da ake tsoro saboda ɗan kati amma ba zai iya miƙa hannu ya ba ni ba.

Sai tsohuwar ta lura da ni. "Kai kuma samari, ina za ka kai ɗai?"

"Moriki," na ce. "Wurin kakata."

Ta dube ni, ta dubi gefen fuskar Baba, ta sake dubana. Ta riƙe haɓa. "Ashe kai na. Ga kunnuwan nan iri ɗaya." Ta gyara zama ta juyo sosai. "To hwaɗa man, ɗan nan. Golan ya yi? Shi na wanda kaka so?"

A madubin gaba na ga idon Baba. Tun da na dawo gidansa ban taɓa ganin ya dube ni kai tsaye ba, yanzu ma ta madubi ne, amma ni yake kallo. A nan na gane bai sani ba. Ya miƙa kati kamar yadda ya saba miƙa komai, ya shige ɗaki, ya ɗauka ya iso. Ba shi da hanyar tambayata, kamar yadda ba ni da hanyar tambayarsa. Watakila duk kwanakin nan yana jira ya ji na ɗaga murya a kan tabarma ina ba da labarin gola, sai ya ji shiru, ya ga na daina wasan gaba ɗaya.

In na faɗi gaskiya, ƙanena zai sha duka, wannan bai dame ni sosai ba. Abin da ya dame ni shi ne mutumin nan zai ji, a gaban fasinjansa, cewa wahalar damina guda ta tafi a mari ɗaya, kuma wanda aka yi dominsa ko taɓa katin bai yi ba.

"Shi na, Hajiya," na ce. "Ya yi kyau ƙwarai. Na aje shi wuri mai kyau."

Idon ya bar madubi ya koma kan hanya. Muka yi tafiya mai ɗan nisa. Can sai Baba ya yi gyaran murya, ya ce wa gilashin gabansa, "Madalla."

A Moriki ya tsaya bakin hanya, ya fito da kansa ya buɗe but ya sauke jakata. Ya ɗaga ta ya ji nauyinta, ya ɗan tsaya, don kowa ya ɗaga jakar nan ya san ba kayan hutu ba ne. Ya dubi wata bishiya can gefe ya ce, "In hutu ya ƙare, ran kasuwa nika biyowa da sahe." Na ce to. Ya shiga mota suka wuce Shinkafi.

Kaka ta tare ni da tsiya, wai miji ya tafi birni ya rame, ko amaryar can ba ta iya tuwo ba. Ta ga jakar ta tambaye ni ko ƙaura na yi. Na ce wanki ne ya taru. Maganar da na tsara ban yi ta ba, da hutu ya ƙare kuma tun da sassafe ina bakin hanya da jakata.

Yanzu Baba ya ajiye tuƙi. Hanyar ta lalace fiye da yadda mai iyali zai riƙa bin ta kullum, idonsa ma ya rage. Ƙanena ya girma, na taɓa tuna masa zancen golan ya ce shi sam bai tuna an yi haka ba. Baba kuwa har yau yana ganin katin nan ya iso hannuna, kuma ba daga bakina zai ji wani zance daban ba.